Yadda Na Ɗinke Garayar Kafilina

Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasarsu, wani dattijon Balarabe a unguwar Aziziyya, yana tara tsofaffin garayun Turawa da ake kira mandolin, masu ƙoƙon baya kamar rabin duma. Ni aikina gadi. Wata rana na same shi ya rungume wadda ya gada wurin mahaifinsa, bayanta ya tsage, yana cewa sai dai a kai ta Italiya.

Na ce, "Ya ammi, baffana, Italiya kuma? Ubana gyartai ne, ƙwaryar da ya ɗinke ta fi gashin kanka yawa. Ba ni ita, halas, an gama."

Ashe shi mannewa yake nufi. Ni kuwa na kai ta ɗakina a unguwar Ammariyya, na gasa basilla a wuta, na jera huji gefe da gefe, na ɗinke ta tsaf da zaren kamun kifi. Matata Hajara ta ce, "Malam, wannan fa ba ƙwaryar fura ba ce." Na ce ta bar masu gado su yi aikinsu. Har ruwa na zuba a ciki, ko ɗigo bai fita ba.

Da na miƙa masa, ya daɗe yana shafa ɗinkin. Ya kaɗa tsirkiya ɗaya, ta yi kukan agwagwa. Ya ce, "Masha Allah," ya zauna a ƙasa.

Bai kore ni ba, ya dai rataye ta a falo yana nuna wa baƙi, yana nuno ni. Har yau in gilashin mota ya fashe a layinmu, sai ka ji an ce, "Yalla, maza a kira Gyartan Italiya."