Takin Ƙuri'a

Abokina Sallau ne ya ba ni wannan, kuma ya rantse a gabansa aka yi. Wata ƙungiyar agaji ce ta shigo ƙauyensu da buhunan takin zamani ana gab da shuka. Sai dai ba kowa za a ba ba. Aka rubuta sunayen magidanta ɗari, aka zuba a ƙwarya, aka yi ƙuri'a: hamsin suka tashi da buhu bibbiyu, hamsin suka tashi da "sai haƙuri". Shugaban aikin, wani Dakta mai tabarau da ba ya rabo da robar ruwa, ya ce da kaka za su dawo su auna hatsin kowa, su kwatanta, don duniya ta san ko taki yana da amfani. Malam Barau ya samu. Ƙanensa Ilu, mai 'ya'ya tara, bai samu ba. Motocin ƙungiyar ba su gama fita daga gari ba Barau ya ɗora buhu ɗaya a jaki ya kai masa. Kafin sati, duk wanda ya samu ya raba da nasa.

Da kaka ga su sun dawo, mota uku da sikeli. Aka auna, aka sake aunawa, gero dai kusan ɗaya a ko'ina. Da Dakta ya ji dalili, ya tara mutane a ƙofar mai gari yana huci.

"Wa ya ce ku raba? Kun san wata nawa muka yi muna tsara binciken nan?"

Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanena ne fa, ciki ɗaya. Gonarsa na jikin tawa. In zuba wa tawa, in tsaya ina kallon tasa tana ƙanjamewa?"

"Ai abin da ake so ke nan! Sai tasa ta ƙanjame za a ga bambanci. Yanzu ta yaya za mu gane taki yana da amfani?"

Barau ya dubi motocin, ya dubi sikelin, ya gyara hula.

"Taki kam ba mu taɓa shakkarsa ba, Dakta. Kai ne muke tantama a kanka. Baɗi a sa sunanka a ƙuri'a, rabin ƙauyuka su same ka, rabi su huta, da kaka sai a auna a gani."