Maraƙina Bai San Alhamis Ba

Jama'a, ku taya ni gode wa manyanmu. Ranar Talata da safe jar saniyata ta haihu, ta kalli maraƙin sau ɗaya ta juya masa baya, hantsarta kuma ko ɗigo babu. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san in maraƙi bai sha dakashi, wato nonon fari, a wunin farko ba, sai dai a fara neman shebur. Matata Darlene ta lulluɓe shi da tsohon bargo, ni kuma na tada akori-kura sai gari.

Da a da ne, kantin kayan gona na Orville zan nufa. Amma shekara uku ke nan da magajin garinmu, Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa albarkar yanka ƙyalle, ya kawo mana ci gaba. Ya ba wani katafaren kantin kayan gona fili kyauta, ya yafe masa harajin shekara goma. Abokin gasar kantin ya ji ƙamshi, shi ma aka ba shi tsallaken titi saboda adalci. Aka gina musu shataletale da kuɗinmu, alhali ramukan hanyar gonata har sunaye na sa musu. An ce gasa alheri ce ga manomi, mu kuwa muka tafa.

Na shiga mai jan kwano, kantin da in ka ɓace sai an yi cigiya. Na wuce kyandir mai ƙamshin kabewa, na wuce rigunan sanyi na karnuka, har da masu hula. Da ƙyar na kamo manaja, na ce garin dakashi nake nema.

Ya latsa na'ura. "Akwai guda huɗu, yallaɓai."

"Ina suke?"

"A na'ura dai akwai su. Amma in ka samu da araha a tsallake, za mu rage maka ya zo daidai."

Na zaga shataletalen Mai Girma, na faɗa mai koren kwano. Matar da ke kan kanta ta yi mini murmushin da aka koya mata. "Ya ƙare, sai Alhamis. Amma duk yadda wancan ya sayar maka, mu za mu sauke dala ɗaya."

Na ce, "Baiwar Allah, maraƙin bai san Alhamis ba."

Kun ga gasa ko? Giwaye biyu na kokawa a kan farashin abin da babu.

Ina fita na ji an kira ni. Orville ne a bakin ƙofa, sanye da koriyar falmaran, yana raba wa masu shiga gugguru. Shekara talatin da ɗaya ya yi da kantinsa kafin ya rufe. Mai Girma ya ce an samar da ayyuka sittin, to ga ɗaya daga ciki.

Ya dube ni ya ce, "Harlan, wannan fuskar taka, jar saniyar nan ce ta sake yi maka tsiya."

"Ita ce."

"Tun bara na ce ka rabu da ita, kunnen ƙashi gare ka. Je gida wurin matata Wilma, ka ce ta duba firiza, akwai dakashi ƙarƙashin naman barewa. Da ruwan ɗumi za ka narkar, kada ka ɗora a wuta."

Na sa hannu a aljihu. Ya ce, "Riƙe dalarka biyu. Ai saboda ita ka daina zuwa wurina."

Gaskiya ya faɗa. Buhun abincin shanu ya fi araha da dala biyu a sabon kanti, ni ne kuwa na uku a layi ranar buɗewa. Kunya ta kama ni har ƙafa. Mai Girma ya yanka ƙyalle, amma mu muka riƙe masa bakin zaren.

Wilma, matar Orville, ta miƙo mini kwalba a daskare. Ta ce, "Ita ce ta ƙarshe. Mun sayar da shanun tun kaka."

Maraƙi ya sha, kafin la'asar ya miƙe yana tangaɗi. Darlene ta ce mu sa masa suna Orville, na ce a bari, mutumin ya sha wulaƙanci ya ishe shi.

Jiya na ji a rediyo Mai Girma na wasa almakashi, kanti na uku na tafe. Madalla. Mai saniya da ciki dai ya je ya lallashe ta tun yanzu, ta daure ta haihu ranar Alhamis.