Haƙoran Kilin Baba Na'Allah

Haladu tela dai a duniya abin da ya iya hawa keken ɗinki ne, shi ma a zaune. Amma neman aure ba abin da ba ya sa mutum. Ran da ya je Tungar Rimi gaida kakan Hansatu, Baba Na'Allah, wanda auren yarinyar ke hannunsa, sai bakinsa ya ja masa, ya ce ai shi tun yana ƙarami yake sukuwa. Tsoho ya ce madalla, ga dokinsa Kili can a turke, ya kai masa shi rafi ya sha ruwa. Kilin nan kuwa duk garin an sani, gara ka taɓa rawanin tsohon da ka taɓa shi.

Tafiya lafiya lau. A dawowa ne doki ya jiyo ƙamshin gida ya ɗauki gudu, gogan naka ya runtse ido ya fizgi linzami da hannu biyu kamar mai jan guga. Kili ya yi turjiya, ya ƙwala baki da kututturen giginya, Haladu ya yi tsalle-tsallen da bai shirya ba ya dira cikin ƙaiƙayi. Ko ƙafarsa bai duba ba, ya tashi ya ɗaga leɓen doki. Innalillahi! Haƙoran gaba suna nan, turame na can ciki, amma tsakaninsu fayau, dasashi zalla hagu da dama, sai 'yar fiƙa tilo da ta tsira, ga ƙarfen linzami kwance a wurin. Bawan Allah bai san haka aka halicci kowane doki ba. Ya ce shi ke nan, Hansatu ta tafi. Ya durƙusa yana tankaɗe yashi da yatsu har la'asar, ban da tsakuwa da kashin awaki ba abin da ya tsinta.

Ya jawo doki a ƙasa, ya zube gaban tsoho a zaure, ga dattawa sun cika tabarma.

"Baba, na ci amana. Na zubar wa Kili haƙora."

Tsoho ya miƙe, ya leƙa bakin dokinsa, ya dawo ya zauna, fuskar nan ba alamar wasa.

"Duka gefen biyu, Haladu?"

"Duka, Baba."

"Da bugu ɗaya? Ba jini, ba kumburi? Kai, wanzamin garin nan ya shiga uku, an zo ƙwace masa sana'a."

Dattawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Haladu ya ɗauka kuka suke, sai nasa idon ya kawo ruwa.

"Don Allah Baba kada wannan ya shafi maganarmu. Wallahi ko kekena zan sayar, in kai shi birni a jera masa haƙoran Makka, a cike wurin tsaf!"

Tsoho ya gyara zama, ya dube shi sama da ƙasa.

"Hansatu dai na ba ka, tunda ba ka ɓoye ɓarna. Amma in ka cike masa giɓin nan, linzamin a bakin wa za mu sa, naka?"