Hoton Darakta a Kan Tafkin Gauraka

Idan ana lissafin masu kishin daji, dole a fara da Daraktan gandun dajin nan. Shekara tara yana riƙe da gandun, kuma saboda tsabar ƙaunar da yake wa namun dawa, bai taɓa shiga ya dame su ba. Ma'aikata na kiransa Giwar Ofis, shi kuwa ya ɗauka kirari ne.

Da hukuma ta ce a zana taswirar gandun, domin doka ta kare duk abin da ya fito a cikinta, Darakta ya ce aikin nasa ne. Masu safiyo suka yi wata huɗu cikin ƙaya da sauro suna awon iyaka. Shi ma bai zauna ba, sau uku yana zuwa wurin mai hoto.

Aka shimfiɗa masa taswirar a tebur. Ya duba sama da ƙasa, nan take ya gano babban giɓi: babu shi a ciki. Ya dangwala yatsa a kusurwar dama, ya ce a sa hotonsa nan, da digirorinsa a ƙarƙashi.

Shugaban masu gadin daji, dattijon da ya shekara talatin yana taka gandun, ya yi gyaran murya. Ya ce, ranka ya daɗe, wurin nan tafki ne, nan gauraka ke ƙwai duk damina, da rani kuma dabbobi ba su da wani ruwa sai shi.

"Baba," in ji Darakta, "ilimin taswira a ka yake, ba a ƙafa ba. Gauraka sun san hanyar tafkinsu. Jama'a ne ke bukatar sanin wanda ke kula musu da shi."

Dattijon ya roƙi a rage hoton, ko da faɗin hular ne. Aka ƙara masa girma.

Bayan wata shida, wani kamfani da ke gina hanya ya nemi inda zai jibge ƙasa. Injiniyansu ya buɗe taswirar, ya ga ko'ina an shafa kore an hana taɓawa, sai kusurwa ɗaya da babu kore babu ruwa, wani mutum ne kawai yana murmushi. Kwana goma tifofi suna zuba ƙasa a tafkin. Dattijon ya tsaya kallo har hawaye ya zo masa, ya juya.

Da labari ya iso ofis, hankalin Darakta ya tashi. Ya miƙe da sauri ya duba taswirar da ke bango, sannan ya sauke ajiyar zuciya. Kusurwar na nan yadda ya bar ta, ko hular ba ta karkace ba.