Kwaɓin da na bari ya kwana

Lokacin da ake gina dam ɗin Bakolori, tsire nake sayar wa leburori. Daga bayan tukuba nake hango injin kwaɓa kankare yana juyawa, kuma wannan hangen kaɗai ya sa na ɗauki kaina masani.

Kawu Bawa na Maradun ya sayi siminti da ɗan abin da aka ba shi na gonarsa da ruwa ya cinye, yana so ya daɓe zaurensa. Ni na hana a kira magini.

Na ce, "Kawu, siminti ne da yashi da tsakuwa da ruwa. Mi ke da wuya nan?"

Na zazzage buhunan duka a ƙofar zaure na kwaɓa. Sannan na yi abin da kowa ke yi wa ƙasar gini: na lulluɓe kwaɓin da ciyawa, na soka shebur a tsakiya, na ce a bar shi ya kwana biyu ya ruɓa.

Ranar da na dawo, na tarar da mutanen unguwa a tsaitsaye. Na kama shebur na ja, ko motsi bai yi ba. Kawu ya daɗe yana kallon tulin, sannan ya ce a hankali, "Ɗana, gonata ke nan?"

Har ya rasu, raɓawa yake yi ta gefe ya shiga gidansa.

Yanzu a jikin shebur ɗin ake ɗaure jakuna. Duk ranar kasuwa in na gitta, sai an samu mai cewa, "Injiniya, ya ruɓa, ko a ƙara mai kwana?"