Gishirin da Ya Hau Zare

Wallahi ba za ku yarda ba, amma ni Mudi ganau ne, don da hannuna a ciki.

A garinmu gishiri ake dafawa. A kankaro ƙasar fadama, a tace ta da ruwa, a dafa ruwan har ya kafe. Da wannan Gwaggo Lanti ke riƙe gida, ita da ɗanta Cindo, ƙato mai kirki, sai dai abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana ta ba shi ƙwai ya gwada ruwa, don in gishiri ya yi ƙarfi a ruwa ƙwai tasowa yake yi. Ta ce in ya taso ya kira ta. Ƙwai ya nutse. Cindo ya tsuguna yana lallashinsa har rana ta faɗi.

Wata rana kuma za ta barka, ta ce kada ya bari wuta ta mutu. Ruwa ya kafe, gishiri ya ƙone, tukunya ta tsage, Cindo na ta tura itace. Da itace ya ƙare ya sa kujerarta. Gwaggo ta rantse in ya sake ɓata ko tukunya ɗaya, ƙauyen kawunsa za ta tura shi kiwo. Ranar ko tuwo bai ci ba.

Wata rana na iske shi yana gadin ruwan da ya fi ƙarfi, wanda za a dafa don cin kasuwa. Ni fa na taɓa sakandare kafin su gaji da ni, duk garin babu mai ja da ilimina. Shaiɗan ya zuga ni, na ce masa masana sun hana dafawa: a rataya zare a ciki, a rufe da mayafi, kada kowa ya taɓa sai na dawo. Na hau mota na tafi birni yawona, na manta.

Ashe Cindo ya kafa gadi da taɓarya. Uwar ta yi faɗa, ta yi roƙo, kasuwa ta wuce, wata kasuwar ma ta wuce. Har ta ɗaure masa kayansa.

Da na dawo ya janyo ni gaban mutane, ya yaye mayafin. Sai ga gishiri ya hau zare, manya-manya, masu kusurwa kamar an yanka da wuƙa, suna ƙyalli. Tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Gwaggo ta kwance kayan Cindo tana share hawaye.

Na gyara murya zan karɓi yabo, sai Cindo ya ce, "Inna, Mudi ne ya koya mini. Yana ta dariya ma, har da riƙe ciki."

Gwaggo ta dube ni, ta miƙo mini tulu.

"To malam, kasuwannin da na rasa a wuyanka suke. Cindo, kada ka bari ya zauna sai tukwanen nan sun cika."

Cindo ya ɗauki taɓarya.