Kofin da Na Hana Alhaji Sha

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na fara koyar da kimiyya a firamaren ƙauyenmu ba, can wajen Kaoje. Ni fa ba ni da takardar malanta. Sakandare na gama, sauran duk a waya na koya, in ga bidiyo in gwada, in zo in cika yara da surutu. Hedimasta ya ba ni aji biyar na wucin gadi, ya ce shugaban iyayen yara, Alhaji Buba, zai zo ya ga darasina. In ya gamsu a bar ni, in bai gamsu ba in koma gonar shinkafa.

Da na ji haka na shiga neman abin da zan gwada a gabansa. Na zaɓi tace ruwa, tunda lokacin gulbi ya cika, ruwan duk ya zama kamar kunu. Abin ba wuya: ka yanke gindin gorar roba, ka kifa ta, ka jera auduga, gawayi, yashi da tsakuwa. Na gwada a gida ya yi kyau ƙwarai. Sai ranar da safe na ga gorar ta yi mini ƙanƙanta, na baya ba za su gani ba. Na zagaya bayan ɗakin yayana na ɗauko babba, na ɗauraye sama-sama. (Yayan nan nawa fetur yake sayarwa a gora, wa masu babura da ke tafiya bakin iyaka. Ni kuma mura ta toshe mini hanci. Ku riƙe waɗannan biyun.)

Alhaji ya zo da malfarsa da sandarsa, aka ba shi kujera a gaba. Na zuba ruwan gulbi, ya riƙa ɗiga a kofi fari tas. Yara suka yi tafi. Na lura na layin gaba suna yamutsa hanci, na ɗauka mamaki ne. Daɗi ya kwashe ni, na ce ai ruwan nan har sha ana yi (alhali a bidiyon sun ce sai an tafasa), na ɗaga kofi na kurɓa.

Mura na hana jin wari, amma ba ta hana harshe aiki. Fetur ne zalla. Na haɗiye, na yi murmushi, idona ya kawo ruwa.

Sai Alhaji ya miƙo hannu. "Ɗana, ba ni in ɗanɗana."

Na ce ai bai gama kwanciya ba. Ya ce shi da ya sha ruwan tabki a bayan shanu tun yana yaro, wannan ba komai ba ne. Hedimasta yana ta yi mini alama da ido in ba dattijo. Na duba, in na ba shi na shayar da tsoho fetur, in na faɗi gaskiya aikina ya tafi. Sai ƙwaƙwalwar masanin kimiyya ta kawo mafita: na kafa kai na shanye kofin duka.

Ba a taɓa ganin yaro ya hana babba ruwa ya shanye a gabansa ba. Na buɗe baki in ba da haƙuri, gyatsa ta riga ni, daidai fuskar Alhaji.

Ya ja kujera baya, ya dubi hedimasta. "Malam, kar kowa shi ƙyasta ashana kusa da yaron ga."

Ban san sanda na kai bayan aji ba, ina ta amai, yara sun cika taga. Da na dawo na faɗi komai, har batun gorar. Alhaji ya yi dariya har ya cire malfa. Ya ce ilimina dai da saura, amma wanda ya shanye fetur don kar tsoho ya sha, ana iya bar masa yara. Sharaɗinsa ɗaya, kar in sake ba kowa komai ya sha, har ni.

Ina nan ina koyarwa, sunana Malam Fetur har a kasuwa. Yanzu kafin in taɓa kowace gora sai na ba mai lafiyar hanci ya shinshina.